Sarƙar aikatau a Ingilishi da idon mai Hausa da Faransanci

Yaron da ya shiga ajin farko na kwaleji a Tawa ya riga ya shafe shekara shida yana fama da Faransanci kafin a buɗe masa littafin Ingilishi, kuma babban abin da waɗannan shekaru suka cusa masa shi ne cewa sanin harshe haddar jadawalin aikatau ne, kowane lokaci da wutsiyoyinsa, tun daga “je” har zuwa “ils”. Saboda haka ranar da mushen Ingilishi, wato malaminsa, ya rubuta a allo cewa aikatau irin “walk” kamanni huɗu kawai gare shi, wato “walk, walks, walked, walking”, cewa “write” biyar gare shi, kuma “be” da ya fi kowa yawan kamanni bai wuce takwas ba, sai yaro ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauka banza ta faɗi. Murnar ba ta daɗewa. Kafin ya kai jarrabawar BEPC, balle ta Bak, zai ga takardarsa ta koma ja da gyaran malami, alhali kowace kalma da ya rubuta tana cikin ƙamus, bai kuma kuskure rubutun ko ɗaya ba.

Dalili kuwa shi ne nauyin da Faransanci ya ɗora a wutsiyar aikatau, Ingilishi ya sauke shi ya rarraba wa maƙwabta. Yankin aiki a wannan harshe sarƙa ce, kowace kalma a cikinta ita take yanke wa wadda ta biyo ta hukuncin kamannin da za ta ɗauka da wurin da za ta zauna. Batun ya wuce na cin jarrabawa, domin kundin tafiyar da mulki da aka ƙaddamar a Nijar a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki, ga kuma 'yan kasuwarmu da suke ƙetare Ƙonni zuwa Illela da Sakkwato, da ɗaliban da suke neman karatu a Najeriya da Gana. Abin da na lura da shi bayan shekarun koyarwa shi ne muna bi da yaro ta doguwar hanya, mu fassara masa Ingilishi da Faransanci kaɗai, alhali a wurare da dama harshen da ya tsotsa ya fi kusa da abin da ake son ya gane.

Tun da ba a gama daidaita sunayen waɗannan abubuwa da Hausa ba, ga waɗanda zan yi aiki da su. Aikatau da yake tsaye babu wutsiya, kamar “go”, zan kira shi tsura, wanda kuma yake zuwa shi kaɗai ko da “to” a gabansa. Mai ƙarewa da “-ing” zan ce masa sifar “-ing”. Na ukun da ɗalibai suke rerawa a haddar “go, went, gone” shi ne sifa ta uku. Wakilin suna sananne ne a nahawunmu, kalmomi irin “in, on, at, for” kuwa haruffan alaƙa ne, kamar “a”, “da”, “ga” da “daga” a Hausa.

Farkon sarƙar shi ne jerin mataimakan aikatau, kuma tsarinsu ba ya juyuwa. Mai nuna yiwuwa ko wajibci, irin “can, may, must, should, will”, shi ne yake gaba, kuma abin da ya biyo shi dole ya zo tsura. Sai “have”, wanda yake neman sifa ta uku. Sai “be” na ci gaban aiki, mai neman sifar “-ing”. Sai wani “be” ɗin na daban, wanda yake juya jimla ta koma kan wanda aiki ya faɗa wa, shi ma mai neman sifa ta uku. Idan aka ɗauki “He may have been sleeping”, wato mai yiwuwa barci yake yi a lokacin, za a ga “may” ya sa “have” ya zo tsura, “have” ya mayar da “be” ya koma “been”, shi kuma ya liƙa wa “sleep” wutsiyar “-ing”. Masanin harshe Noam Chomsky ya bayyana wannan a 1957 da cewa kowane mataimaki yana zuwa da wutsiyarsa, amma ba a jikinsa take zama ba, tsallakawa take yi ta hau kalmar da ta biyo shi. Kalmar farko ce kaɗai take ɗauke da lokaci, ita ce take wucewa gaba a tambaya, ita ce kuma “not” yake bi. Wanda ya rubuta “Did he went?” ya biya kuɗin lokaci sau biyu ke nan, tun da “did” ya riga ya ɗauka, abin da ya rage wa aikatau shi ne ya zo tsura.

Bahaushe bai kamata ya ga baƙon abu a nan ba. Muna cewa “ya tafi” amma “yana tafiya”, “ta rufe” amma “tana rufewa”, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya ce bayan “yana” aikatau yakan sake riga. Har ma muna yin abin da ya fi na Ingilishi wuya, domin aikataunmu yana duban abin da zai biyo shi kafin ya zaɓi wasalin ƙarshe: “na saya”, “na sayi rago”, “na saye shi”, “na gani”, “na ga Audu”, “na gan shi”. Yaron da yake yin wannan lissafi tun yana goye ba zai kasa gane cewa “have” yana kiran “gone” ba, in dai an nuna masa ta wannan ƙofa.

Akwai dai tarko biyu da ya kamata a ambata kafin a wuce. Ginin “I have seen” ya yi kama da “j'ai vu” ƙwarai, shi ya sa ɗalibanmu suke rubuta “I have seen him yesterday”, alhali Ingilishi ba ya yarda wannan gini ya haɗu da lokacin da aka ambata ya kuma wuce, “I saw him yesterday” ake cewa. Na biyu ya fito daga Hausa da Faransanci gaba ɗaya, domin mu muna cewa “ina zaune a Yamai tun 2019”, Bafaranshe ma lokacin yanzu yake sawa tare da “depuis”, Ingilishi kuwa sai ya jero uku, “I have been living in Niamey since 2019”.

Inda maganar take da faɗi shi ne lokacin da aikatau biyu suka haɗu, na farko ya buƙaci na biyu ya cika masa ma'ana. Faransanci hanyarsa kusan ɗaya ce, na biyu yakan zo a kamanninsa na ƙamus, ko da “à” ko da “de” ko babu komai. Ingilishi ya raba hanya: “want, hope, decide, refuse, promise, manage” suna neman “to” da tsura, “enjoy, avoid, finish, mind, deny, suggest” kuwa suna neman “-ing”. Littattafan makaranta sukan jero su a shafi su ce a haddace, kuma babu makawa sai an haddace wasu, amma rabon ba na kara-zube ba ne. Asalin wannan “to” harafin alaƙa ne mai nuna inda aka dosa, kuma a tsohon Ingilishi, sama da shekara dubu da suka wuce, aikatau tsura yana ƙarewa ne da “-an”, idan kuma ya bi “to” sai ya ɗauki wata wutsiya kamar yadda suna yake yi. Wutsiyoyin sun zube, amma ƙanshin doso bai bar “to” ba, shi ya sa yawanci yake rakiyar aikin da ba a yi ba tukuna, wanda ake so ko ake fata ko ake niyya. Sifar “-ing” kuma ta fi karkata ga aikin da ake ciki, ko wanda aka riga aka yi, ko aikin da ake magana a kansa kamar wani abu mai suna.

Hausa ma hanya biyu gare ta a daidai wannan wuri. Muna cewa “ina so in je”, “ya kamata ka je”, inda aikin yake gaba, muna kuma cewa “ya daina zuwa”, “ta gama wanki”, “sun taɓa zuwa”, inda suna ɗan aikatau ya shigo. Daidaituwar ba cikakkiya ba ce, tun da mu muna cewa “ya ƙi zuwa” Ingilishi kuwa “he refused to come”, amma tana taimakawa ƙwarai a kan aikatau masu karɓar hanya biyu da ma'ana biyu. “He stopped smoking” shi ne ya daina shan taba, “He stopped to smoke” kuwa ya tsaya ya sha taba, kuma likitan da ya rikita su ya ba majiyyaci shawarar da ba ta dace ba. “I remembered to lock the shop” na nufin na tuna na rufe shago, tunawar ta riga rufewar, amma “I remember locking the shop” na nufin ina tune da lokacin da na rufe shi, rufewar ta riga tunawar. Haka “try to open” ƙoƙari ne wanda wataƙila bai yi nasara ba, “try opening” kuwa gwaji ne a ga abin da zai haifar.

Sai wakilin suna ya shigo tsakani, nan ne kuma Hausa da Faransanci suke haɗa kai su kayar da yaro. Mu muna cewa “ina so ya tafi”, ko “shi tahi” kamar yadda bakinmu na Adar yake faɗa, Bafaranshe ya ce “je veux qu'il parte”, duka biyun sun buɗe sabuwar ganga, wato sabon ɓangaren jimla, mai nata aikau, wato mai yin aikin. Sai yaro ya rubuta “I want that he goes”, abin da kunnen mai Ingilishi ba ya karɓa. Daidai shi ne “I want him to go”, inda “him” yake sanye da rigar karɓau, wato wanda aiki ya faɗa wa, amma a ma'ana shi ne mai tafiyar. Wannan gini yana da yawa, a bayan “ask, tell, allow, expect, advise”, sai dai akwai wani ƙaramin abin lura, domin a “I persuaded him to come” shi ne zai zo, a “I promised him to come” kuwa ni ne zan zo, ko da yake jimlolin biyu kamar tagwaye suke a ido.

Wasu 'yan aikatau suna yar da “to” ɗin baki ɗaya. “Make” da “let” suna cewa “I made him go”, “Let her speak”, kamar dai “na sa shi ya tafi” da “bar ta ta yi magana”. Aikatau na gani da ji su ma haka, amma su suna da zaɓi, kuma zaɓin nasu Hausa ta fi kowace fassara fito da shi. “I saw him cross the road” shi ne na gan shi ya ƙetare hanya, na ga aikin daga farko har ƙarshe. “I saw him crossing the road” kuwa na gan shi yana ƙetarewa, ban ce ya kai wancan gefen ba. Bambancin “ya” da “yana” ne tsaf, kuma na sha ganin ajin da ya shafe rabin awa yana kokawa da bayanin Faransanci ya gane shi cikin minti ɗaya da aka faɗa da Hausa. Abin da ba shi da dalili sai al'ada shi ne “to” ɗin da aka kora yana dawowa idan aka juya jimlar: “He was made to go”, “She was seen to leave”.

Sifa ta uku ma tana shiga wannan gurbi, kuma a nan matsayin kalma ɗaya yana sauya labari. “I had repaired my phone” na nufin ni da kaina na riga na gyara wayata, amma “I had my phone repaired” na nufin na kai an gyara mini, abin da Bafaranshe yake faɗa da “faire”. Kalmomi biyar ne a kowace jimla, ba a ƙara ba a rage ba, karɓau ne kawai ya matsa gaba. Ita dai wannan sifa tana da 'yar'uwa a Hausa, wato “dafaffe”, “rufaffe”, “gyararre”, masu nuna wanda aiki ya faɗa wa, yayin da sifar “-ing” take kama da “mai” kaza, wanda aikin yake fitowa daga gare shi. Ɗalibin da ya ce “I am boring” yana nufin ya gaji da zama, ya shaida wa jama'a ne cewa shi mai gundurar mutane ne, “I am bored” ya kamata ya ce.

Game da sifar “-ing”, tsofaffin littattafai sun raba ta biyu, wadda take aikin suna da wadda take aikin sifa, kuma tarihi ya ba su gaskiya, domin a tsohon Ingilishi ta farko tana ƙarewa da “-ung” ko “-ing”, ta biyu da “-ende”, daga baya suka narke suka zama ɗaya. Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban nahawunsu na 2002, sun ga babu amfanin ci gaba da raba abin da harshen kansa ya haɗe, suka ba su suna guda. A ganina wannan ya fi sauƙi ga mai koyo, in dai ya riƙe ƙa'ida ɗaya da ba ta da togiya mai yawa: aikatau da ya bi harafin alaƙa da “-ing” yake zuwa. Faransanci yana cewa “sans parler” da “avant de partir”, sai yaro ya kwaikwaya ya rubuta “without to speak”, alhali Hausa ta riga ta nuna masa hanya da “ba tare da yin magana ba” da “bayan cin abinci”, inda suna ɗan aikatau ne yake bin harafin. Har wakilin sunan mallaka muna sawa, “zuwansa”, “tafiyarta”, kamar yadda rubutaccen Ingilishi yake cewa “I was surprised at his coming”, ko da yake a baki “him coming” ya fi yawa.

Matsalar ita ce “to” iri biyu ne masu fuska ɗaya. Wata ɗaliba ta taɓa tsayar da ni ta ce, “Mushe, kai ka ce bayan ‘to’ aikatau tsura yake zuwa, ga shi kuma a ƙarshen wasiƙa ka rubuta ‘I look forward to seeing you’.” Na ce mata ta cire aikatau ta gwada sa suna a wurinsa. Ana iya cewa “I look forward to the holidays”, saboda haka wannan “to” harafin alaƙa ne na gaske, dole “-ing” ya bi shi, amma ba a cewa “I want to the holidays”, saboda haka wancan na tsura ne. Gwajin nan shi ne yake raba “I used to walk”, wato da can nakan yi tafiyar ƙasa, da “I am used to walking”, wato na saba da tafiyar ƙasa.

Zaɓen harafin alaƙa da kansa ba shi da wata ƙa'ida mai zurfi, haddace shi ake yi tare da aikatau. Abin da ya kamata malami ya sani shi ne inda kuskure zai ɓullo. “Listen to, wait for, look for, look at” duk suna neman harafi, Faransanci da Hausa kuwa kai tsaye suke tafiya, “saurari”, “jira”, “nemi”, “dubi”, shi ya sa “I am waiting you” ba ya ƙarewa a takardun yara. A ɗaya gefen “enter, obey, answer, discuss, resemble” ba sa son harafi, alhali takwarorinsu na Faransanci suna da shi. “Explain me” kuma ɗan “explique-moi” ne da “bayyana mini”, tun da “explain” ba ya cikin masu karɓar mutum kai tsaye irin “give, tell, show”, sai an ce “explain it to me”.

Mafi ban sha'awa a duk lamarin su ne ƙananan kalmomin da suke kama da haruffan alaƙa amma aikinsu ya bambanta, irin “up, off, out, away” a cikin “give up”, “put off”, “find out”. Zan kira su 'yan rakiya. Samuel Johnson ya riga ya faɗa a gabatarwar ƙamusunsa na 1755 cewa wannan haɗi shi ne ya fi wahalar da baƙi, sunan da ake kiransu da shi yau kuwa, wato “phrasal verbs”, ya yaɗu ne daga rubutun Logan Pearsall Smith na 1925. Bayan Normandawa sun ci Ingila a 1066, kalmomin Faransanci da na Latin sun kwararo cikin harshen, har ya zamana abubuwa da yawa suna da suna biyu, na gida da na aro: “give up” da “surrender”, “go on” da “continue”, “find out” da “discover”. Ɗalibinmu yakan ruga ga na aron domin ya san fuskarsu, sai Ingilishinsa ya fito daidai amma a sandare, kamar mai karanta takardar gwamnati a wurin hira, kuma idan ya sauka tashar mota a Kano ko Akara aka ce masa “get off” ko “hold on” sai ya tsaya yana kallo.

Faransanci ba shi da abin da ya yi kama da wannan sosai, amma Hausa tana da shi, sai dai mu a cikin wasalin aikatau muke ɓoye shi. F. W. Parsons ya tsara aikataun Hausa rukuni bakwai a 1960, kuma wanda ya dubi rukunan zai ga aikin 'yan rakiya suke yi. “Sha” da “shanye” su ne “drink” da “drink up”, “ci” da “cinye” su ne “eat” da “eat up”, domin “up” a nan ba sama yake nufi ba, ƙarewa kakaf yake nufi. “Ɗauka”, “ɗauke” da “ɗauko” sun yi daidai da “pick up”, “take away” da ɗauka a kawo nan. “Zuba” da “zubar” kamar “pour” ne da “pour away”. Ko inda ma'ana ta yi nisa da asalinta, kamar “put up with” da yake nufin jurewa, ba abin mamaki ba ne ga mutanen da suke cin amana, su ci bashi, su ci kasuwa, su sha alwashi, ba tare da komai ya shiga bakinsu ba.

Wurin zaman wakilin suna shi ne yake tona asirin ko kalma 'yar rakiya ce ko harafin alaƙa. Ana cewa “turn off the radio” ko “turn the radio off”, duka daidai ne, amma da wakilin suna hanya ɗaya ce tak, “turn it off”, ba a taɓa cewa “turn off it”. Harafin alaƙa kuwa ba ya rabuwa da matsayinsa na gaban karɓau, “look at it”, “wait for her”. Kalma ɗaya tana iya zama wannan ko wancan: “He turned on the radio” ya zama “He turned it on”, ya kunna ta, amma “The dog turned on its owner” ya zama “The dog turned on him”, kare ya juya ya far wa mai shi. Kunne ma yana ji, domin ɗan rakiya yana ɗaukar nauyin murya, harafin alaƙa kuwa yawanci a sassauce ake furta shi. Dalilin tsarin shi ne Ingilishi yana son ajiye sabon labari mai nauyi a ƙarshen jimla, wakilin suna kuwa tsohon labari ne marar nauyi, bai cancanci wannan kujera ba. Shi ya sa kuma idan karɓau ya yi tsawo ƙwarai ɗan rakiya yakan dawo ya manne da aikatau, kada a manta da shi kafin a kai ƙarshe. Inda aka tara uku, kamar “put up with” da “look down on”, ɗan rakiya ne yake fara zuwa, harafin alaƙa ya bi shi, karɓau ya zo daga baya, “put up with it”.

Saura harafin da ake bari a ƙarshen jimla shi kaɗai, kamar “Who are you waiting for?” da “the knife I cut the meat with”. Ingantaccen Faransanci bai yarda da shi ba, kuma ko a Ingila an yi ta jayayya a kansa, tun lokacin da John Dryden ya soki wannan salo a 1672, bisa ma'aunin Latin wanda ba ya barin harafi a ƙarshe. Irin wannan jayayyar ce ta taso a kan sa kalma tsakanin “to” da aikatau, wadda Henry Alford ya yi suka a kanta a 1864, haka ma “is being built” da marubutan ƙarni na 19 suka ɗauka ɓarna ce, ga shi yau babu mai ɗaga ido a kansa. Masu nahawun zamani sun karɓi duka ukun, kuma ban ga dalilin da malami a Tawa zai ja jan layi a ƙarƙashin abin da masu harshen suke faɗa kullum ba, illa dai ya nuna wa ɗalibi cewa “the person to whom I spoke” ya fi dacewa da takardar ofis.

A nan Hausa tana taimako rabi, ta ja baya rabi. Muna cewa “yaron da na saya wa riga” ko “mutumin da na gaya wa”, mu bar “wa” a rataye babu karɓau a gabansa, daidai da “the man I spoke to”. Amma da harafin “da” sai mun mayar da wakilin suna, “wuƙar da na yanka nama da ita”, “mutanen da na zauna da su”, kuma daga nan ne “the knife I cut the meat with it” yake fitowa, inda “it” ya zama ƙari, domin Ingilishi yana son gurbin ya zauna fayau. Wannan gurbin ne kuma yake ba shi damar juya jimla ta hanyar da Faransanci ba ya iyawa, ya ce “He was laughed at”, “The children were looked after”, har da “I was given a book”, inda wanda aka ba ya zama shi ne kan jimla. Bafaranshe zai koma ga “on”, mu kuma ga “an”, mu ce an yi masa dariya, an kula da yaran, an ba ni littafi. Idan aka haɗa duka a jimla ɗaya, kamar “She should have been looked after”, za a ga “should” ya kira “have” tsura, “have” ya kira “been”, “been” ya kira “looked”, “after” kuma ya tsaya a ƙarshe babu kowa a gabansa, domin wadda ya kamata ta bi shi ita ce “she” ɗin da ta riga ta wuce farkon jimla.